Butar da ke kan kabarin Ansel

A makabartarmu ta bakin fadama ba a kafa dutse. Kakanninmu bayi ne, ba su da halin sayensa, kuma an hana su sanin rubutun da za a sassaƙa a kai. Abin da mutum ya taɓa na ƙarshe a duniya shi ake ɗora masa: kofin da ya sha ruwa da shi, kwalbar magani, fitila, agogo. Sai a fasa gindin abin, don mutuwa ta tsaya nan kada ta bi sauran mutanen gida. Babu jeri, babu suna. Da wannan tarkace kowa yake gane nasa a ƙarƙashin manyan itatuwan nan da gansakuka ke reto a jikinsu kamar furfura. Shekara ɗari biyu ana haka a tsibirinmu, ba wanda ya taɓa ɗaga ko murfin kwalba, sai ni, Primus Chisolm, kafinta.

Lavonia, 'yar yayata, ita ta kawo maganar. Ta yi shekara goma tana koyar da zane a birnin Atlanta, da ta dawo gida aka ba ta shugabancin kwamitin bikin watan Fabrairu, wanda muke yi kowace shekara a tsohuwar makarantar baƙaƙen fata don tunawa da tarihinmu. A taron farko ta ce ta gaji da liƙa hotunan manyan mutanen da ba su taɓa taka tsibirin nan ba. Bana namu za a nuna. A ɗauko kayan kan kaburbura, a jera su cikin akwatunan gilashi, kowanne da sunan mai shi, kwana goma kacal, sannan a mayar.

Pompey Fields, dattijon cocinmu, ya miƙe yana dogara sanda.

"Ke 'yar Atlanta, haka kuke yi a can? Ku shiga ɗakin mutum yana barci ku ɗauke masa kofi?"

"Baba Pompey, yaranmu ba su san ma hanyar wurin ba. Jikanka da bakinsa ya ce min ya ɗauka juji ne."

"Jikana jaki ne, daga gidan uwarsa ya kwaso. Don jaki ɗaya sai a tashi matattu?"

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce abin da ba a gani shi kamfanin gidaje yake rufewa da ciyawar filin wasan golf, kamar yadda suka yi wa makabartar arewacin tsibirin. Idan ɗaruruwan mutane suka ga kayan nan da idonsu, suka karanta sunaye, zai yi wuya wani ya zo gobe ya ce wurin daji ne kawai.

Pompey ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma Primus, tun da ka karanta littattafai uku ba mu huta ba. Kafinta ya zama fasto." Ya ɗauki hularsa ya fice.

Bayan fitarsa ne na bayyana yadda zan yi: duk inda na ɗaga abu, zan kafa turke mai lamba, in liƙa wannan lambar a gindin abin. Pompey bai ji wannan ba. Ni kuma ban bi shi na gaya masa ba, don maganar littattafai ukun ta yi min zafi.

Aka ce sai an nemi izinin kowane gida. Wanda na fi jin tsoro shi ne gidan Goggo Binah, ƙanwar mahaifina. Shekarunta tamanin da takwas, idonta ya mutu tun shekara shida, amma har yanzu tana saƙa kwandon ciyawa da laluben yatsa. Ɗa ɗaya ta haifa, Ansel. Yana da shekara sha tara mijinta Cato ya sha ya bugu, ya tilasta masa fita ɗauko tarkon ƙaguwa alhali iska tana tasowa. Sai rana ta uku ruwa ya dawo da gawarsa. Abin da ya taɓa na ƙarshe a gida wata butar tangaran ce shuɗiya, ya sha ruwa da ita a tsaye kafin ya fita. Ita ce a kan kabarinsa shekara hamsin. Da Cato ya mutu, danginsa suka binne shi taku uku daga yaron, suka ɗora masa agogonsa na tebur. Babu wanda bai san wasiyyar Goggo ba a tsibirin nan, don a coci ma ta faɗa: a kwantar da ita a hagun Ansel, kuma duk wanda ya kai ta gefen Cato kada ya sa ran gafararta.

Na same ta a barandarta da hantsi. Na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

"Primus, ko dai ka faɗi abin da ya kawo ka, ko ka ɗauki tsintsiya ka yi min amfani."

Na faɗa. Yatsunta suka tsaya a kan kwandon.

"Za a rubuta sunansa?"

"Za a rubuta, Goggo."

"Da manyan baƙaƙe? Ba irin na takardar asibiti ba?"

"Ni zan sassaƙa da hannuna a katako."

Ta ajiye kwandon. Sannan ta ce, "Shekara hamsin ba wanda ya kira sunan yaron nan a gaban jama'a. Ɗauko. Amma ka mayar min inda ka ɗauka. Ban ce kusa da wurin ba. Wurin."

Ranar Laraba kafin biki muka shiga makabartar ni da Lavonia. Na tsaya a ƙofa na nemi izinin mutanen ciki kamar yadda ake yi. Kaburbura ashirin da uku muka taɓa. Tana ɗaukar hoto, ina ɗagawa, ina kafa turke. Ganye ya rufe ƙasa har idon sawu, turakun kuma gajeru ne, na ji tsoron kada su ɓace min. A bayan motata akwai ragowar ribin, siririn ƙyalle mai ruwan goro, daga wani aiki da na yi a gidajen kamfani. Na yayyaga na ɗaura wa kowane turke don a hango shi daga nesa. Har na ja da baya ina yaba wa kaina.

Na sha juya wannan a raina. Duk wanda aka haifa a tsibirin nan ya san abin da turke mai ribin ruwan goro yake nufi: 'yan safiyo sun zo awo, ana shirin ƙwace fili. Kuma ya san abin da ake yi masa. A tuge, a jefa a rafi, a share wurin ta yadda ba za su gane ramin ba. Mahaifina ya koya min wannan kafin ya koya min riƙe zarto. Ni da kaina na tuge sun fi ɗari. Amma ranar, da yake hannuna ne ya kafa, sai idona bai ga abin da kowa zai gani ba.

Ranar Asabar aka buɗe biki, kuma ba a taɓa yin irinsa ba. Motoci har bakin gada. Matan coci sun dafa jar shinkafa da jatan lande da miyar kuɓewa. 'Yan Meziko masu aikin gonar tumatir sun kafa teburinsu da dafaffen ƙullun masara a ganye, masuntan Biyetnam na tashar jiragen ruwa sun zo da iyalansu. Tsofaffi suka yi rawar da'ira, ana buga sanda a daɓen katako har tagogi suna rawa. Amma a ɗakin da akwatunana suke ba ka jin ko tari. Mutane suna bi a hankali suna karanta sunaye. Na ga wani ƙato ya tsaya a gaban fasasshen cokali yana share ido.

Lavonia ta kawo Goggo a kujera mai taya. Na buɗe gilashin na ɗora hannunta a kan butar, sannan a kan katakon. Ta bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Fasto ya karanta sunayen duka da ƙarfi, da ya kai kan Ansel Mungin sai ta ce, "Ga shi nan," kamar malami ne ya kira suna a aji. Idan na ce ban ji daɗi a wannan lokacin ba na yi ƙarya. Na ji ni ne na yi daidai, Pompey ya yi kuskure.

Ana tsakiyar cin abinci sai ga Pompey ya shigo da mutum uku a bayansa, takalmansu duk taɓo. Fuskarsa tana walƙiya. Ya buga sanda a ƙasa.

"Kuna nan kuna cika ciki, ɓarayi suna auna kakanninku! Ashirin da uku muka samu, a tsakiyar makabarta, da ribin ɗinsu. To mun tuge su kaf, sun tafi teku. Muka bi da manjagara muka baje wurin, ko uwarsu ta zo ba za ta gane ramin ba."

Wurin ya ɗauki tafi. Wata mata ta yi guɗa. Wani ya miƙa masa faranti. Lavonia ta juyo ta dube ni, ni kuma na dubi Goggo. Tana can gefe tana tafawa tare da kowa.

Na ja Pompey bayan makaranta na gaya masa. Farantin ya karkace, shinkafa tana zuba a kan takalminsa bai sani ba.

"Ruwan goro, Primus? Duk launin duniya ka rasa sai ruwan goro?"

Na tafi makabartar a lokacin. Sun yi aikin da zuciya ɗaya. Ganye ya kwanta sumul kamar ba a taɓa takawa ba. Na durƙusa ina yaye shi da hannu, na sami rami huɗu a gefen ƙofa kafin hadari ya haɗu. Kwana huɗu ana ruwa. Da aka ɗauke, aladun daji suka shiga suka tone abin da ya rage.

Na ɗauki sandar ƙarfe irin ta masu haƙa kabari, wadda ake cakawa a ji inda ƙasa ta yi laushi. A sabon kabari tana aiki. A yashin da aka yi shekara ɗari biyu ana binne mutum a kan mutum, duk inda na caka sai ta nutse. Da akwai wani itace da Goggo take kwatance da shi, guguwa ta kayar da shi shekara bakwai da suka wuce, mun sare mun ƙone. Hotunan Lavonia kuwa na masu zane ne: buta ta cika hoton, ganye a kewaye, ba itace, ba sama. Abin da na iya tabbatarwa shi ne Ansel yana cikin wani fili mai faɗin taku goma ta kowace fuska. Cato ma yana ciki.

Sauran gidajen ba su tsananta ba. Yawancin masu kayan ba su da kowa a raye. Waɗanda suke da dangi suka ajiye nasu bisa kintace, suka ce Ubangiji ya san nasa. Saura butar Ansel da agogon Cato a shagona.

Kwana goman suka cika. Pompey da Lavonia suka same ni a shago ina goge katakon da ba ya bukatar guga.

"Kawu, na yi magana da mutanen jami'a," in ji Lavonia. "Suna da na'urar da ke ganin ƙarƙashin ƙasa. Za su iya zuwa a lokacin kaka."

"Tana faɗin suna?"

Ta sunkuyar da kai.

Pompey ya zauna a kan buhun ƙusa. Tun ranar bikin ya tsufa. "Saurara, ɗan littafi. Matar nan ba ta gani. Ka je ka zaɓi wuri, ka ajiye butar, ka kai agogon can nesa. Ka dawo ka ce Goggo an mayar. Ta mutu da farin ciki. Mu uku muka sani, ni kuma saura kaɗan in bi ta."

"In kuma wurin da na zaɓa gefen Cato ne?"

"In kuma ba gefensa ba ne fa?"

"Ta ce wurin. Ba ta ce kusa ba."

"Ta ce, ta ce! Ni na tuge, ni zan ɗauki zunubin. Kai dai rufe bakinka, shi ke nan aikin da aka ba ka. Ko shi ma sai ka duba littafi?"

Lavonia ba ta goyi bayansa da baki ba, amma ba ta musa ba.

Na yi kwana biyu ina aunawa. Idan na yi shiru, za ta rayu sauran kwanakinta cikin kwanciyar rai, kuma mai yiwuwa ma in dace. Amma ni zan haƙa ramin, ni zan sauke ta, ina sane da cewa wataƙila na miƙa ta ga mutumin da ta yi shekara hamsin tana gudu. Ita ta yi imani da safiyar tashin matattu kamar yadda ta yi imani da fitowar rana: za ta buɗe ido ta ga wanda ke gefenta. Ko ni na yarda da haka ko ban yarda ba, jikinta ne, zaɓinta ne. Da wane iko zan zaɓa mata a ɓoye? Haka na gaya wa kaina, kuma har yau ban ga inda lissafin ya karkace ba.

Na naɗe butar a tawul na tafi. Tana baranda, rana tana dukan ƙafafunta.

"Takunka ya yi nauyi, Primus. Ka mayar?"

Na ɗora mata butar a cinya. Ta shafa ta. Na faɗa mata komai, tun daga ribin har aladu. Ban rage laifina ba, ban ƙara wa Pompey ba.

"Taku nawa ka ce?"

"Goma, Goggo. Ta kowace fuska."

"Cato yana cikin goman?"

"Yana ciki."

Wata mota ta wuce a hanya. Ta jira har ƙararta ta ɓace.

"Pompey ya ce ka yi min ƙarya, ko?"

"Ya ce."

"Tun muna yara Pompey bakinsa ya fi kansa girma. Amma yau ya fi ka hankali." Ta juyo da matattun idanunta daidai inda nake. "Gaskiyar nan da ka ɗauko ka kawo min, don ni ka kawo ta, ko don kai ka samu barci?"

Na buɗe baki in ce don ita. Sai na ga ni kaina ban tabbata ba.

"Shekarata tamanin da takwas. Abu ɗaya ya rage min a duniya, na san inda zan kwanta. Ka karɓa ka kai biki, aka yi tafi. To. Yanzu kuma ka zo ka karɓe min har rashin sanin."

"Goggo, zan ci gaba da nema. Zan tone wurin da hannu in ya kama."

"Ka tone wa? Ka tashi yarona ka duba haƙoransa? Ka kuskura." Ta ja numfashi. "Kira min Lavonia. Akwai makabartar nan ta ƙetaren gada, ta bakin babban titi, inda ake sayen wuri. Can za ku kai ni."

"Ba a taɓa kai namu can ba. Babu ruwa kusa, babu kowa naki."

"Babu Cato. Gara in farka cikin baƙi. In na tashi na nemi yarona da ƙafata, a ranar ai idona zai buɗe." Ta rungume butar. "Wannan kuma ta zauna nan. Tashi ka tafi, kana tare min rana."

Fasto ya je, matan coci suka je, Pompey ya je ya durƙusa mata da gwiwarsa mai ciwo yana cewa shi ne mai laifi. Ta ce ya tashi kafin a nemi mutum huɗu su ɗaga shi, amma ba ta sauya ba. Ni kuwa ba ta sake yarda na hau barandar ba. In na kai kifi sai in rataye a ƙofar shinge. Ta daina saƙa. Cikin watan Afrilu ta kwanta, kwana shida ta cika.

Ni na yi akwatin gawar, don wannan ba ta hana ba. Muka ƙetare gada da ita a jerin motoci goma sha ɗaya. Wurin fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa an aske ta ƙwal, babu inuwa ko ta mutum ɗaya. Manyan motoci suna wucewa a titi har sai da Fasto ya riƙa ɗaga murya. A damanta wani ne mai suna da ba mu iya faɗa ba, a hagunta ba kowa tukuna. Matan suka ɗauko waƙar da muke rakiya da ita, amma babu itatuwan da za su riƙe sautin, iska ta kwashe shi.

Da aka watse na tsaya a bakin ramin. Pompey ya zo ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba.

"Da ka yi shiru, da yau tana gida."

"Wataƙila a gefen Cato."

"Wataƙila a gefen ɗanta. Ko wannan wataƙilar ba ka bar mata ba."

Ma'aikacin wurin ya riga ya tada injin turo ƙasa, yana duba agogon hannunsa yana jira mu matsa, don akwai wata jana'izar da ƙarfe biyu.